Inda Mai Hoto Ya Tsaya

Ta ɗora rula a kan bakin rufin siton da ke cikin hoton, ta ja layi da fensir har ya wuce gefen hoton ya hau farar takarda. Ta sauko da rular zuwa gindin bangon ta ja na biyu. Layukan suka yi ta matsowa kusa da juna a hankali, kamar 'yan'uwan da suka daɗe suna gaba, har suka haɗu a ɗigo ɗaya kusa da kofin shayinta.

"Shiru, filin wa muke yankawa yau ba a gaya mini ba?"

Ta ɗago. Oga ne tsaye a bayanta, gilashinsa a goshi. Shekara uku ke nan da ta fara aiki a ofishin safiyon, masu awon ƙasa, kuma tun makon farko aka laƙaba mata Shiru, har wasu ba su san tana da wani suna ba.

"Ba fili ba ne, Oga. Hoton tsohon gidanmu ne. Ina neman inda mai hoton ya tsaya."

Oga ya sauke gilashin ya sunkuya. Ainihin hoton yana gefe a cikin leda, ɗan ƙarami, ya yi ja-ja, kusurwarsa ɗaya ta taɓa shan ruwa. Wanda take zane a kai kwafi ne da ta ƙara wa girma a injin ofis. Wata mata ce tsaye a ƙofar gida, hannunta ɗaya a kan ƙyaure, kanta a ɗan sunkuye, tana murmushi, idonta a kan mai hoto. A bayanta kusurwar wani dogon sito, sannan can nesa tankin ruwa ya zauna daidai kan rufin siton kamar tulu a kan mai ɗaukarsa.

"Unguwar da aka rushe aka yi tasha?"

"Ita."

"To ai babu gida, babu ƙofa."

"Siton yana nan. Tankin ma yana nan, da wannan turken lantarki, da benen makaranta."

Ta jawo taswira ta nuna masa. A hoton, tsinin tankin ya faɗo daidai saman kusurwar sito, wato mai hoton yana kan miƙaƙƙen layin da ya ratsa su biyun. Turken lantarki kuma ya rufe gefen benen, wannan layi na biyu ke nan. A kan taswira layukan biyu sun gitta juna a wuri ɗaya tak. Ta mai da kusurwar siton sifili, ta auna daga nan: gabas mita tara, arewa mita goma sha biyu.

"Aiki ya yi kyau," in ji Oga. "Amma layin idonki ya faɗi."

Ya karɓi rular, ya kwantar da ita a kan ɗigon nan na kusa da kofin shayi, ya ja layi a kwance ya ratsa hoton. Abu ne da aka koya musu tun shekarar farko a jami'a: idan ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce, wannan layin yakan yanki komai daidai tsayin idon wanda ya ɗauki hoton. Layin ya yanki matar a ƙugu.

"Wa ya ɗauka? Wani wada ne?"

"Babana."

"Dogon nan da ya zo ya kusa cire mana fanka da hula? To tsugunawa ya yi."

"Ba ya tsugunawa. Gwiwarsa ta dama ba ta lanƙwasuwa tun kafin a haife ni."

"To takarda ce ta yi miki ƙarya. Hoton da ya sha ruwa, ga injinmu da ke mai da siriri ƙato." Ya mai da gilashin goshi. "Je ki, na ba ki rabin yini. Ki dawo mini da tef ɗina na awo da ransa."

Ta goge layin. A littafin awonta, ƙarƙashin gabas da arewa, ta rubuta tsayi: mita ɗaya da santimita saba'in, tsayin idon Baba. Ba ta auna ba. Labarin da mutum ya ji sau ɗari ya fi layin fensir kauri.

Ta san labarin kamar yunwar cikinta. Wani ne ya kawo ɗinki shagon Baba ya bar masa kyamara na kwana biyu, hoto ɗaya ya rage a fim ɗin. Baba ya fito da Umma ƙofar gida ya ce ta kalle shi. Ta yi ta noƙewa, can ta sunkuyar da kai ta yi murmushi, ya danna. Wata huɗu bayan nan Umma ta rasu. Shiru tana da shekara huɗu, kuma ba ta riƙe komai ba, ba murya, ba ƙamshi, ba ko ɗumin baya. Gwaggo, ƙanwar Baba da ta raine ta, takan ce yatsunta na Umma ne. Sai ta zauna ta yi ta kallon yatsun, ba su ce mata komai ba. Hoton kuma, duk lokacin da ta ɗauke shi, ji take kamar ta leƙa ɗakin da mutum biyu ke hira, murmushin yana wuce ta yana zuwa wurin mai shi.

Gobe da safe za a yi wa Baba aikin ido. Na hagu ya daɗe da tafiya, na daman kuma ya ce yana gani kamar ta cikin ruwan wanki. Likita bai yi alkawari ba, cewa ya yi za su gwada. Shi ya sa makon jiya Baba ya kira ta ya ce, "Uwata, shekara biyar kika yi kina karatun awon ƙasa. Kai ni inda na tsaya ranar nan. Ina so in ga wurin da wannan idon kafin a taɓa shi."

Ta ce to. Ba ta gaya masa nata burin ba, cewa ko da ta tsaya a wurin wani abu zai dawo mata, ko ƙanƙani ne.

A cikin bas ta samu gefen taga. Titin ya miƙe, sai layuka suka fara yi mata abin da suka saba. Bakin kwalta, wayoyin lantarki, rufin shaguna, farin fentin tsakiyar hanya, duk suna gudu zuwa ɗigo ɗaya can gaba, inda motoci ke ƙanƙancewa su zama ƙuda, su zama ƙwayar gero, su ɓace. Tana ƙarama ta ɗauka can mutane ke zuwa in sun mutu. Ta ɗauka akwai wani ɗan ɗaki a ƙarshen titi inda duk abin da ya yi nisa yake zaune a takure, Umma ma tana ciki, ƙarama kamar yadda take a hoto. Ta taɓa roƙon Baba su je ƙarshen titi. Suka yi ta tafiya, shi yana jan ƙafa, ita tana jan hannunsa, ɗigon yana ja da baya, har ta gaji ya saɓo ta a kafaɗa. Daga baya a jami'a malami ya rubuta a allo cewa layukan ba sa haɗuwa, ido ne ke haɗa su. Ta kwafa, ta ci jarrabawa. Amma har yau in ta zauna gefen taga takan kalli ɗigon fiye da yadda ya kamata.

Ta tarar da Baba a shirye tun kafin ta iso, yana zaune kusa da keken ɗinkin da ya yi shekara biyu bai taka ba amma kullum sai ya ɗiga masa mai. Ya sa rigarsa mai aljihu uku, sanda a tsakanin ƙafafu. Gwaggo na tsaye a kansa da kwalbar maganin ido.

"Yaya, likita ya ce ka huta. Ka huta ya ce, ba ka je tasha ka sha hayaƙi ba."

"Likita ya ce kar in ɗauki kaya mai nauyi. Ke ce kaɗai mai nauyi a gidan nan, kuma ba ɗaukarki zan yi ba."

"Ji shi! Ke kuma da kike biye masa, in rana ta buga masa ido ki zo ki yi wa likita lissafi." Ta ɗaga masa haɓa ta ɗiga maganin, ta goge abin da ya gangaro da bakin mayafinta. "Wuri ne aka shafe shi kamar ba a yi ba. Me za ka gani?"

"Abin da na bari."

Gwaggo ta rufe kwalbar maganin. Ta shiga ɗaki ta fito da lema ta cusa wa Shiru a hannu. "Ki riƙe masa. Kar ku kai la'asar."

Tashar ta fi yadda take a taswira faɗi. An shafe unguwar da kwalta tun daga bakin titi har jikin sito, an jera manyan motoci hanci da hanci. Shiru ta tsaya tana kallo. A wani wuri ƙarƙashin tayoyin nan akwai inda ta koyi tafiya. Masu kiran fasinja suka yo kansu, Baba ya ɗaga sanda ya ce, "Mun iso, 'ya'yana, mu nan muka zo," suka watse suna dariya.

Siton yana nan, an sake masa fenti, yanzu kayan matafiya ake ajiyewa a ciki. Ta kai Baba kusurwar, ta ɗora yatsansa a kan bakin tef.

"Ka riƙe nan, Baba, kar ya motsa."

"Ni za ki koya wa riƙon tef? Shekara arba'in ina auna mutanen da ke shanye ciki don a ce ba su da tumbi."

Ta bi saitin bangon ta ja tef ɗin gabas, mita tara, ta yi alama da alli. Ta dawo ta kawo shi kan alamar, ta juya arewa. Tana tafiya da baya tana sakin tef, bakwai, takwas, goma, goma sha ɗaya, sai bayanta ya bugi ƙarfe mai zafi. Wata doguwar bas ce. Ta leƙa ƙarƙashinta. Mita ta goma sha biyu tana daidai ƙarƙashin tayar baya.

Direban yana kwance a kan benci a inuwar motar, ya rufe fuska da hula. Shiru ta tsaya a kansa. Ta shirya maganar a zuci sau biyu, ta ƙi fitowa. Ta yi gyaran murya, bai motsa ba. Can ta ji ƙarar sanda a bayanta.

"Salamu alaikum, mai gida," in ji Baba.

Direban ya ɗage hular. "Wa alaikumus salam. Baba, ina zuwa? Saura mutum takwas mu tashi."

"Ba inda za ni. Zuwa na yi in ga wanda ya ajiye mini mota a ƙofar gida shekara da shekaru, ko sallama babu."

Direban ya tashi zaune, ya kalli Baba, ya kalli tef ɗin da ke hannun Shiru. "Malama, rushe mu za a yi?"

"A'a," ta ce, da ƙyar aka ji. "Gidanmu ne a nan da. Taku biyar kawai za ka matsa. Minti goma."

"In na matsa wancan mai jar motar ya shige mini layi. Mutumin nan ko gawa aka jera sai ya yi satar layi."

"Ni zan tsaya maka a layin," in ji Baba. "In ya isa ya take tsoho mai ido ɗaya."

Direban ya ƙyalƙyale da dariya, ya zura takalmi. "Da na san tsakar gidan mutane nake kwana, ai da na riƙa cire takalmi. Ku matsa, Baba, hayaƙinta ba shi da kunya."

Motar ta yi tari ta gusa. Inda tayar ta tashi kwaltar ta yi baƙi da mai. Shiru ta ja tef ɗin har goma sha biyu, ta zana gicciye da alli. Ta sake aunawa kai tsaye daga kusurwar sito zuwa alamar, ta samu goma sha biyar cif, yadda lissafi ya ce. Sannan ta kamo hannun Baba ta tsayar da shi a kai, ta juya shi ya fuskanci siton, ta buɗe masa lema.

Ya rufe mataccen idon da tafin hannu, kamar zai taimaka wa mai ran.

"Ina ganin tankin," ya ce a hankali. "Kamar girgije mai ƙafa. Nan ne, Uwata. Ƙofar tana nan, taku uku. Tagar shagona tana nan hannun hagu, in ina ɗinki ina jin Ummanki tana tankaɗe. Akwai wani dutse da take zama a kai ta tsefe miki kai, kina ihu kamar ana yanka ki."

Shiru ta kalli inda yake nunawa. Kwalta ce, da murfin kwalba, da inuwar lema. Ta jira. Babu abin da ya zo. Sai ta yi abin da ta saba yi in ta rasa abin yi: ta ciro hoton ta hau duba aikinta.

Ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da Baba, ta ɗaga hoton daidai fuska. Tsinin tankin yana saman kusurwar sito. Turken lantarki ya rufe gefen benen. Hagu da dama komai ya zauna. Amma tankin bai zauna ba. A hoton cikinsa yana taɓa rufin, a nan kuwa yana tsaye a sama, ga ƙafafunsa na ƙarfe a fili, ga sararin sama shuɗi tsakaninsa da rufin.

Ko an ɗaga ƙasar wurin da aka zuba kwalta? Ta kalli matakalar ƙofar siton. Uku a hoto, uku a gabanta, ta ƙasan ma ba ta nutse ba. Ta yi ɗage, sararin ya ƙaru. Ta ɗan rage tsawo, ya ragu.

Ta miƙa wa Baba lemar. Ta tattare siket ɗinta ta fara yin ƙasa a hankali, idonta a kan tankin. Ƙafafun ƙarfen suka riƙa nutsewa a bayan rufin. Shuɗin ya zama ƙyalle, ya zama zare. Da ta kai tsugune sosai, a gaban ƙafafun Baba, sai tankin ya sauko ya zauna a kan rufin kamar tulu.

Ba takarda ce ta yi ƙarya ba.

Daga nan ƙasa duniya daban ce. Motoci sun zama gidaje, mutane sun zama gwiwoyi da bakin riguna. Hayaniyar tashar ta ja baya kamar an rufe mata ƙofa. Ta ɗaga hoton, sai ta ji nauyin wani abu baƙi mai sanyi a hannuwanta, ya fi ƙarfinta, igiyarsa tana gogar mata wuya. Wasu manyan hannuwa suka sauko daga sama suka rufe nata, suna warin man keken ɗinki. Wata inuwa ta sunkuyo a kanta daga ƙugu, ƙafa ɗaya a miƙe. Wata murya ta ce, "Sa idonki a nan. Kin gan ta? To danna." A cikin ɗan gilashin akwai wata mata ƙarama, ta sunkuyo da kai don ta sami wanda take nema, ta same shi, ta yi murmushi.

Shiru ba ta san ko tunawa ta yi ko ƙirƙira ta yi ba. Ba ta yarda da abin da ba a auna ba. Ta jawo tef, ta dafe bakinsa a kan allin, ta ja shi zuwa gefen idonta. Santimita casa'in da biyu. Ta sake duban hoton. Shekara ashirin da biyu tana tsaye a bakin ƙofar wannan murmushin tana jiran a ba ta izini, ashe ita aka yi wa.

"Me kike yi a ƙasa, Uwata?"

"Awo nake, Baba."

"Hoton yana hannunki? Kin ga yadda ta sunkuyar da kai?" Ya yi 'yar dariya, muryarsa ta yi rauni. "Kunyata take ji. Shekara shida da aure, har da ke, amma in na ce ta kalle ni sai ta sunkuyar da kai. Duk abin da likita zai yi gobe, wannan kam ba zai cire mini shi ba."

Ta ɗaga kai ta dube shi. Daga nan yana da tsawo ƙwarai, lemar tana can sama kamar wani rufin, ruwa yana gangarowa daga idon da ya rage, ko magani ne ko ba magani ba. Maganar tana bakinta, da hujjarta, da lambarta. Oga ma shaida ne. Ba ta taɓa samun lissafin da ya fito tsaf kamar wannan ba.

"Na gani, Baba," ta ce. "Kunyarka take ji."

Ya gyaɗa kai. Can baya direban ya danna oda sau biyu, ya leƙo ta taga. "Masu gida! A ba mu aron tsakar gidan, mai jar mota ya fara kaɗa wutsiya!"

"To, to, ga mu nan," in ji Baba. Bai motsa ba. "Uwata, karanto mini lambobin in haddace. In idon bai dawo ba, in san inda zan riƙa zuwa daga kan kujera."

Ta buɗe littafin a kan gwiwarta. "Daga kusurwar sito. Gabas, mita tara. Arewa, mita goma sha biyu."

"Tara, goma sha biyu. Tara, goma sha biyu." Ya sunkuyo da fuska wajenta. "Shi ke nan? Ba ke kika ce mini lamba uku ke kafa wuri ba?"

"Biyun sun isa su kai mutum, Baba."

Ta ciro fensir, ta soke mita ɗaya da santimita saba'in, ta rubuta casa'in da biyu a gefensa da ƙananan lambobi, ta rufe littafin ta sa a jaka. Baba ya miƙo hannu ƙasa yana lalube don ya tashe ta. Hannun ya sami nata ya rufe shi duka. Yana warin man keke. Ta ɗan ƙara jinkiri a tsugune, har direban ya sake danna oda.